Kifin zinariya: wanda ya ƙera kyau ya ɗauki amana

Masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani doki ne, wani tantabara, wani ragon balami. A garin Yamato-Koriyama na lardin Nara, can ƙasar Japon, kiwon da ya karɓi mutane shi ne na wani ɗan kifi wanda ba a ci, ba a tatsa, sai dai a zuba masa ido: kifin zinariya. A cikin masu wannan kiwo akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda tun da ya aje aikin buro ya gina kwamin siminti guda shida a bayan gidansa, ya duƙufa ga irin da ake kira ranchu.

Ba shi ya fara ba. Asalin kifin nan na ƙasar Sin ne, kuma kakanninsa launin toka gare su kamar kowane kifin tafki. Mutane suka riƙa ware waɗanda suka fito ja ko rawaya, har a zamanin daular Song (960 zuwa 1279) ya zama dabbar gida. A zamanin daular Ming aka shigo da shi cikin tukwanen tangaran, inda ba shi da maƙiyi ba shi da tsere, sai masu wutsiya biyu da masu ƙumburarren ciki suka samu damar rayuwa. A Koriyama ana danganta farkon kiwon da shekarar 1724, lokacin da sarki Yanagisawa Yoshisato ya ƙaura zuwa garin da barorinsa. Abin nishaɗin mayaƙan fada ne, amma da sauyin mulki na 1868 ya raba su da albashi, shi ya riƙe gidaje da dama. Ma'aikacin da ya taɓa jiran ƙarshen wata ya san ma'anar wannan.

Shekarar dattijon tana farawa ne da ƙarewar sanyi. In ruwa ya ɗumama ya kusa digiri 20, wasu fararen ƙuraje ƙanana su fito wa namiji a kumatu, ya shiga korar mace tun da asuba. Ita kuwa ta watsa ƙwai, ɗaruruwa ko dubbai, masu danƙo, su manne ga tuntun zaren da aka saka musu. Nan take yake raba iyaye da ƙwan, domin in an bar su za su cinye abin da suka haifa. Kafin mako guda ƴaƴa sun ƙyanƙyashe, sirara kamar gashin ido. Yana ciyar da su ƙananan ƙwarin ruwa, yana canza musu ruwa a kai a kai, don ƙazantar da kifi yake fitarwa guba ce gare shi. Shi ya sa yakan ce aikinsa kiwon ruwa ne, kifi biyowa yake.

Bayan kamar sati biyu sai aiki mai nauyi ya zo, wato tankaɗe da rairaya. Ranchu na ƙwarai ba shi da fiffiken baya, gadon bayansa sumul, wutsiyarsa a buɗe dama da hagu daidai wa daida, kansa kuma yana tara tsoka in ya girma. Amma jini ba ya mantuwa: da yawa cikin ƴaƴan suna komawa ga kamannin kakanninsu, wannan da wutsiya guda, wancan da ɗan tsiron fiffike, wani da karkataccen baya. Dattijon yana zuba su cikin farin daro, yana duban su daga sama, yana tsame su ɗaya ɗaya da ɗan ludayi. Ko launi ba ya taimakonsa a lokacin, don duk da launin toka ake haihuwarsu, sai bayan watanni ja yake bayyana. Daga dubbai, ƴan ƙalilan ne za su kai ƙarshen shekara a kwaminsa. Makiyayin jar akuyar Maraɗi ya san irin wannan zaɓe, sai dai shi akuyar da ya ware tana da kasuwa.

Burin kowane mai ranchu shi ne ranar 3 ga Nuwamba, ranar babbar gasar ƙasa, inda alƙalai suke kewaye fararen daruka, kuma ake ba kifayen da suka yi fice muƙamai irin na ƴan kokawar sumo. Wata rana jikanyar dattijon, tana kallonsa da ludayi a hannu, ta yi masa tambayar da ba a yi a wurin gasa: "Kaka, waɗanda ba ka so, ina za su?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce: "Ƴar nan, ni na kawo su duniya, ni zan nema musu wuri."

Tambayar yarinyar ita ce gaskiyar wannan sha'awa. Kyan da mutum ya ƙera yana da farashi, kuma kifin ne yake biya. Gajeren jikin ranchu yana matse jakar iskar da ke cikinsa, har wasu su riƙa kifewa ciki sama. Irin masu ido waje ba sa gani sosai. Babu ɗayansu da zai yi kwana nawa a kogi. Na gama-gari kuwa, in aka zubar da su, su ne suke zama annoba: a kogin Vasse na yammacin Ostiraliya, masu binciken jami'ar Murdoch sun sanar a 2016 cewa sun samu kifin zinariya mai nauyin kusan kilo 2, yana tone gindin ruwa yana cin ƙwan kifin gida. Saboda haka dattijon ya kafa wa kansa doka uku: ba ya haɗa aure fiye da abin da kwaminsa zai ɗauka, ba ya ɗaukar iri daga kifin da iyo yake yi masa wuya komai kyansa, ba ya sakin ko guda a magudanar ruwa. Masu lafiya yana raba wa maƙwabta da yaran unguwa, tare da bayanin yadda za su riƙe su.

Mai karatun da ya ga wannan kifi cikin ƴar kwalba ya yi sha'awa, ya dakata ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Kifin ruwan sanyi ne, kuma ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take, ga zafin Afrilu a Tawa ko Damagaram yana wuce digiri 40. Yana son wuri mai faɗi da inuwa da canjin ruwa, kuma in ya samu kulawa yana wuce shekara 10. Kuɗin saye kaɗan ne, ɗawainiyar ce doguwa. Wanda ba zai iya ɗaukarta ba, kallo ya ishe shi.