Lokacin da Juji Ke da Mai Shi

Waɗanda suka tashi a cikin birnin Kano kafin leda ta cika gari za su tuna ayarin jakunan da ke shigowa da sassafe ta Ƙofar Na'isa da Ƙofar Mazugal da Kabuga, ɗauke da itace da kara, su sauke, sannan su juya da mangala cike da taki. Abin da gidajen birni suka share, toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida, shi ne manomin karkara ke bi lungu-lungu yana nema da rani, wani ya saya, wani ya yi musaya da damin kara. Da wannan takin gonakin da ke kewaye da Kano suka yi shekara da shekaru ana noma su kowace damina ba tare da an bar su sun huta ba. Juji a wancan zamani yana da mai shi. Ba ka isa ka kwashi na wani gida ba sai da izini.

Matasa, ku tambayi kakanninku mata, za ku ji cewa abin da a yau muke haɗawa mu kira shara, su kowanne da sunansa suka san shi. Idan aka sussuka gero aka sheƙe, abin da iska ta ɗebe ƙaiƙayi ne. Idan aka surfa, abin da ya fita dusa ce, ta akuya da tunkiya. Idan aka niƙa aka tankaɗe, abin da ya rage a rariya tsaki ne, na 'yan tsaki ko na kunu. Tuwon da ya kama gindin tukunya ƙanzo ne, a kankare a shanya, ranar da gida ya yi shiru a jiƙa shi da mai da yaji. Ƙwarya ta fashe ta zama sakaina, ana ɗebo wuta da ita daga maƙwabta ko a kwashe shara. Tukunya ta fashe ta zama tsingaro, a zuba wa kaji ruwa. Zane ya tsufa ya zama tsumma, tsumma ya zama ganwo ko lagwanin fitila. Ko tokar murhu ba a yar da ita haka kawai, domin ruwan toka na shiga miya, ragowar kuma ta tafi gona. Matar da ta iya gida ita ce wadda ta san inda kowane ɗayan waɗannan zai nufa.

Masu sana'a ma haka suke. Katsin da ya kwanta a gindin karofin marina irin ta Ƙofar Mata, marina su kwashe, a ƙona, magina su haɗa shi da gashin jima da majema suka kankare daga fata, da dafara, a sami laso, wanda ake shafe soro da shi ruwa bai ratsa ba. Ɓawon ɗorawa shi ke ba da makuba. Dattin wata sana'a shi ne jarin wata. Kuma idan damina ta kayar da katanga, ɓaraguzanta ƙasa ce: a jiƙa, a cuɗa da ciyawa, a buga sabon tubali, a sake tayar da ita a inda ta faɗi. Gidan da aka tashi aka bari ya zama kango, garin da aka watse ya zama kufai, kuma manoma sun san babu inda dawa ke yin ƙarfi kamar kufai.

Har cikin maganarmu juji ya sami mutunci. Da Bahaushe ya so kwatanta haƙurin dattijo sai ya ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubawa. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa takan sa wa wanda ya biyo baya Ajuji, wai a nuna ba a damu da shi ba ko mutuwa ta kau da kai. Wannan ba ya nufin garuruwanmu aljanna ne a da. Akwai ƙuda, akwai wari, akwai cutar da ke tashi daga kududdufi, shi ya sa mata ke rawar jiki su rufe randa idan aka ce ga duba-gari nan. Amma dattin nan yana ruɓewa, damina ɗaya ta isa ta mayar da shi ƙasa.

Leda ba ta ruɓewa.

Tun da ruwan leda ya bazu a shekarun 1990, ƙosai da goro da alala da a da ake naɗewa a ganye ko takarda suka koma baƙar leda, sai juji ya zama bola, tsibi guda da babu mai so a bakin titi. Manomi har yanzu yana sayen sharar birni a tifa, amma sai ya sa yara sun tsince leda da fasassun kwalabe da matattun batura da allurai kafin ya watsa, kuma duk da haka garma na tono su bayan shekaru. Mahauta na farke cikin akuya su tarar da dunƙulen leda. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan sama, an cike da yawansu da bola an yi gini a kai, ruwan kuma ya koma ɗakunan mutane. Ɓaraguzai a yau na bulo da siminti ne, iyakarsu cike rami a hanya, kuma an fi jin kalmar a labarun rediyo, inda ake zaƙulo gawawwaki bayan bom ko girgizar ƙasa.

Waɗanda suka rage suna rarrabe tarkace da suna su ne yaran jari-bola, da buhu a kafaɗa da mayen ƙarfe a igiya. Su ne suka san bambancin dalma da jan ƙarfe da alminiyom da roba, da kuɗin kilon kowanne. Yawancinsu ba su da safar hannu ko takalmin kirki, kuma a unguwanni da dama ana korarsu da sunan ɓarayi. A wasu ƙasashen dai an ɗauki mataki: Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Mu kuwa duk Asabar ɗin ƙarshen wata muna yashe kwata mu tara ledar a gefen titi, ruwan farko ya mayar da ita ciki.