Bindigar kawu da dokar 1959

A shekarar 1964 kamfanin Ruger na Amurka ya fitar da wata ƙaramar bindigar wasanni mai suna 10/22, wadda ke ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Da ita Amurkawa da yawa ke fara koyon harbin bara da farautar zomo. Sun saye ta da miliyoyi, har kasuwa ta musamman ta tashi a kanta: wannan na sayar da ƙota, wancan bututu, wani kunama, wani madubin hange. Mutum kan yi ta sauya sassanta har a wayi gari babu abin da ya rage na asali sai suna. A wannan shekarar dai Nijeriya ta kafa masana'antar makamai ta DICON a Kakuri, cikin Kaduna, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, domin soja.

Abin da ya sa na bi diddigin wannan tarihi shi ne ɗan wana, ɗalibi mai son ƙere-ƙere, wanda ya cika wayarsa da bidiyon masu irin wannan kwaskwarima. Idonsa na kan bindigar tokar kawunmu da ke gidanmu na Katabu. Kawu maharbi ne tun yana saurayi, kuma da ita yake korar birai daga gonar masara. Yanzu ƙotarta ta tsage, an naɗe ta da fata, kunamar kuma ta yi tauri. Yaron yana ganin da kuɗi kaɗan da maƙeri mai hannu, sai ta koma sabuwa.

Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce: "Ɗana, ƙota itace ce, ko gobe masassaƙi ya yi mini wata. Bututun nan kuwa na san iya albarushin da yake ɗauka. Wanda za ka kawo mini, wa ya san shi?"

Tambayar tana da nauyi. Ba'amurken da ya sayi sabon bututu ya san an ƙera shi bisa awo, an kuma san ƙarfin da zai jure. Na wurinmu sau da yawa ƙarfe ne da aka yi don wani aiki daban, gwajinsa na farko kuma a kafaɗar mai shi ake yinsa. Duk wanda ya zauna da maharba ya ga hannun da ya rasa yatsu.

Sai kuma doka, wadda yaron bai taɓa karantawa ba. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta girmi 'yancin kanmu, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi da makamantansu sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta da wasanni sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin ta kawu, suna hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ba ta tsaya a mallaka ba: ƙera bindiga, da harhaɗa ta, da gyara ta, duk sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko a wurin wanda aka ba izini. Ta ma hana rage tsawon bututu mai sulɓin ciki ya gaza inci 20. Wato abin da ake yi can don nishaɗin ƙarshen mako, a nan yana iya kai mutum gidan yari, shi da maƙerinsa.

Ba na cikin masu cewa a sake wa kowa mara. Mu da muke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, maƙwabtan dazuzzukan Igabi da Giwa, mun san abin da bindiga ta yi wa ƙauyuka. Sa'ad da gwamnatin Zamfara ta ce a 2022 jama'a su nemi lasisi su kare kansu, ban yi murna ba, domin makamin da ya shiga gari ba ya fita ranar da fitina ta kwanta.

Amma dokar da ta ce a kai gyara wurin mai izini, alhali manomi bai taɓa ganin mai izinin ba, ta tura gyaran cikin duhu ne kawai. Maƙerin da ya sassauta wa tsoho kunama da wanda ke ƙera wa 'yan ta'adda makami sun zama abu guda a idon mai kame, don haka na kirkin ya janye hannu, ya bar fagen ga maras tsoro. Muna da Sarkin Maƙera, muna da Sarkin Baka, sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Cibiyar da aka kafa a 2021 don shawo kan yaɗuwar ƙananan makamai tana iya bi ta hannunsu ta yi wa maƙera rajista, a rubuta kowace bindiga da aka gyara da sunan mai ita.

Na tambayi maƙera biyu a yankinmu ko za su duba kunamar kawu. Na farko ya ce shi garma da lauje kaɗai ya sani. Na biyu ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya tambaye ni wanda ya aiko ni.