Maraƙi Ko Bijimi?

Masu sha'awar ƙwallon kwando sun daɗe suna gardama: shin ƙungiya ta ɗauki yaro sabon fitowa daga jami'a, ko kuwa ta sayi gwanin da aka riga aka ga aikinsa? Mu mutanen Beri ta ƙasar Kontagora mun san irin wannan shawara, domin manomi yakan yi ta kafin damina, watau ya sayi maraƙi mai araha, ko bijimin da ya saba da garma.

Ba a shaidar maraƙi sai ya girma. A 1984 ƙungiyar Houston ta Amurka ta zaɓi Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, gaban kowa, ya kawo mata kofi a 1994 da 1995. A 1998 Clippers ta ba Michael Olowokandi, shi ma haihuwar Legas, wannan matsayi, amma har ya bar wasa bai cika zaton da aka yi masa ba.

Ni dai dabarar Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ta fi kwanta mini a rai. Lokacin da yake shugabancin ƙungiyar Toronto, a 2016 ya ɗauki Pascal Siakam na Kamaru bayan an zaɓi mutum 26, ya yi renonsa. A 2018 ya ba da DeMar DeRozan, ya karɓo gwani Kawhi Leonard. Kofi ya zo a 2019, Kawhi ya kama gabansa a shekarar, Siakam kuwa ya zauna har 2024.

To, jama'a, wanda ya sayi bijimi ba shi da maraƙi a turke, noman shekara guda ya saya.