Waƙar da Ba Ta da Kalmomi

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma abin da aikin ya fara koya mini shi ne kwamfuta ba ta san hannunka-mai-sanda ba. Abin da ka rubuta shi za ta yi, ko da ba shi kake nufi ba. Ka manta waƙafi ɗaya, aikin mako guda ya tsaya cak. A hankali na zama mutumin da ba ya sakin jiki da magana sai ya san ainihin ma'anarta.

Da wannan hali na ci karo da Sigur Rós. Kiɗa nake nema wanda zan sa a kunne in yi aikin dare. Waƙar Hausa ko ta Turanci ba ta yi mini, domin da na ji baiti sai in bi shi, in manta abin da nake rubutawa. Na ce bari in nemo harshen da ba na jin ko kalma ɗaya a cikinsa. Neman ya kai ni Ayislan, tsibirin nan na arewacin Tekun Atlantika da mutanensa ba su kai rabin miliyan ba, inda a watan Disamba rana ba ta wuce kimanin awa huɗu a sararin Reykjavik, babban birninsu.

A birnin aka kafa ƙungiyar a 1994, sunanta kuma daga sunan ƙanwar mawaƙinsu Jónsi aka samo shi. Jitar lantarki yake kaɗawa, amma sau da yawa ba da yatsu ba. Sandar goga babban gogen Turawa yake ja a kan tsirkiyoyin, kamar yadda mai goge ke yi a wajenmu, sai sautin ya fito da tsawo, yana gurnani kamar hadari daga nesa. A saman wannan gurnani muryarsa take tashi, siririya, har na farko na ɗauka mace ce. A kundinsu na 1999, Ágætis byrjun, akwai waƙar da ta kai minti goma. Ba sa gaggawa. Abu kaɗan suke maimaitawa, ganga ta shigo a makare, kiɗan ya yi ta cika har ka ji ɗakin ya yi maka kaɗan.

Kiɗan da na ɗauko don kada ya ja hankalina shi ya riƙa tsayar da ni daga aiki. Kamar yadda na saba, na tafi neman fassara. A nan na tarar da kundinsu na 2002, wanda ba shi da suna sai alamar baka biyu, ( ). Waƙoƙi takwas ne, an fitar da su babu take, kuma ba da harshen Ayislan aka rera su ba. Sautuka ne kawai da Jónsi yake furtawa, suna kiran abin Vonlenska, daga kalmarsu ta von, wato fata. Ɗan littafin da ke cikin kwalin faifan ma shafuka ne babu rubutu, wai mai sauraro ya rubuta abin da ya ji. Raina ya ɓaci. Na ji kamar an sayar mini da buhu babu komai a ciki.

Na kai wa Baba ƙorafin, muna zaune a zaure. Shi mutumin waƙoƙin Indiya ne tun zamanin silima, yana da kaset-kaset na Mohammed Rafi cike da akwati, bai kuwa jin Indiyanci. Tun ina yaro nake tsokanarsa: “Baba, me yake cewa?” Ranar nan ya yi dariya ya ce, “Kai ko kuka aka yi a gabanka sai an fassara maka?”

Bayan shekara biyu Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce ciwon ya taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke haɗa magana. Yana gane mu, yana fahimtar yawancin abin da muke faɗa, amma in ya buɗe baki sautuka ne ke fitowa, babu kalma. Ni kuwa na ɗauki abin kamar matsalar wurin aiki. Na kwana biyu ina haɗa masa 'yar manhaja mai hotuna a waya: ruwa, abinci, banɗaki, Umma, ya taɓa wanda yake so. Ya duba, ya ture wayar da hannunsa mai lafiya. In ya yi magana sai in hau jero masa tambayoyi, “Ruwa? Sanyi kake ji? A kira likita?” har ya gaji ya juya fuskarsa bango. Umma ba ta tambayarsa komai, kuma ita ce take gane shi.

Ni nake kwana da shi a asibiti. In ya yi barci sai in sa kundin nan marar suna a kunne. A tsakiyarsa akwai shiru na kusan rabin minti. Waƙoƙi huɗun farko suna da sauƙi, kamar lallashi, huɗun ƙarshe kuma nauyi gare su, har ta takwas ta ƙare da ganguna kamar za su tsaga kunne. Wani dare na lura cewa na san duk wannan ba tare da an faɗa mini ba. Na san inda muryar take roƙo, na san inda take fushi, na san inda ta haƙura. Shekara biyu ke nan ina jin ta, ban taɓa kuskuren gane ta ba. Amma mahaifina, wanda na san muryarsa tun kafin in iya magana, na tsaya ina jiran ya ba ni kalma.

Da safe da ya kira ni ban jero masa komai ba. Na ja kujera, na riƙe hannunsa, na bar shi ya gama. Ba ruwa yake so ba. Tsoro yake ji, yana so a zauna. Ba zan ce daga ranar na daina kuskure ba, na sha kawo masa shayi alhali taga yake so a buɗe. Amma ya daina juya mini baya.

Wata goma sha tara ya yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Kafin nan, wata la'asar a gida, na sa masa Sigur Rós a kunne don ya ji abin da nake ji. Ya saurara kamar minti biyu, ya yamutsa fuska, ya yi wani ɗan sauti gajere yana kallon akwatin kaset ɗinsa. Wannan kam ban tambaye shi ba. Na tashi na sa masa Rafi.