Yara Goma Sha Biyu

Ranar da ɗan yayata ya cika wata tara, ta rantse ba za a yi masa allurar ƙyanda ba. Ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Kai da ka yi boko, karanta. Likitocin Ingila ne da kansu suka ce tana jawo galahanga."

Na karɓa jikina a sanyaye. Maƙala ce da Andrew Wakefield da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet a 1998, a kan allurar da ta haɗa rigakafin ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus. A lokacin, duk abin da ya fito a babbar mujalla gaskiya ne a wurina. Taƙaitawar farko nake karantawa, in tsallaka zuwa kammalawa, in rufe.

A daren nan, saboda ran yaro ne a tsakani, na zauna a sashen da na saba tsallakewa, wato yadda aka gudanar da binciken. Yara nawa aka duba? Goma sha biyu kacal. Da waɗanne yara aka kwatanta su? Babu. Daga ina aka san lokacin da alamun suka fara? Akasari daga abin da iyaye suka tuna. Can ƙasa kuma, marubutan da kansu sun amsa cewa ba su tabbatar da alaƙar ba.

Na ci gaba da tono. Ashe wani lauya mai shirin ƙarar kamfanonin allurar yana biyan Wakefield kuɗi, bai kuwa bayyana ba. A 2002 masu bincike a Denmak sun bi yara fiye da 500,000, ba su ga wata alaƙa ba. A 2010 Lancet ta janye maƙalar, aka kuma soke lasisin likitancinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ya yi shekara 12 kafin a kai ƙarshensa.

Da safe na ce, "Yaya, in an ce maganin gari ya lalace saboda gida goma sha biyu, za ki yarda?" Ta yi shiru, ta daɗe tana kallon yaron. Ranar Talata ta goya shi zuwa asibiti.

Tun daga ranar, kowace maƙala na ɗauka, sashen hanyar bincike nake fara buɗewa, sannan in nemi wanda ya biya kuɗin aikin.