Zobo, Kanwa da Yaro Mai Yawan Tambaya

Maganar adashe ba ta ɗauke mu lokaci ba ranar Asabar a ɗakin Yaya. Muna shirin neman mayafai Maman Biyu ta ce mu dakata.

"Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, amma don Allah ya tsaya a ɗakin nan. Yaron nan nawa na aji huɗu jan biro ya kwaso a kimiyya. Kuma ba wai bai karatu ba. Zai zubo miki bayanin tururi da Turanci tiryan-tiryan. Shekaranjiya na ɗaga murfin tukunya yana ɗigar da ruwa, na ce masa daga ina ruwan nan ya zo? Wai murfin ne ya huje."

Muka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, amma ta yaƙe ce.

Malama, wadda ta tsufa da alli a hannu, ta ce, "Kwantar da hankalinki, ba ɗanki kaɗai ba ne. Aji cike maƙil, kayan gwaji babu, me zan yi in ba in rubuta a allo su kwafa ba? Ga shi da Turanci, harshen da yaron bai gama ji ba. Kokawa biyu yake yi a lokaci guda. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da wasu yara da Yarabanci duk shekara shidan firamare, har lissafi da kimiyya, Turanci kuma aka bar shi darasi mai zaman kansa. Da aka auna su sai ga shi sun fi takwarorinsu fahimta, kuma a Turancin ma ba a bar su a baya ba. To, harshen makaranta ba a hannunmu yake ba. Na gida kuwa ba mai hana ki."

Yaya ta taɓe baki. "Mu da bokonmu bai wuce rubuta wasiƙa ba, me za mu koya musu?"

Malama ba ta amsa ba. Ta jawo jug ɗin zobon da aka kawo mana, ta sirka shi da ruwa a kofin gilashi uku, ta aiki Amarya madafa ta kawo lemon tsami da jiƙaƙƙiyar kanwa. Kafin ta zuba komai sai da ta tilasta wa kowaccenmu ta faɗi abin da take zato zai faru. Ta matsa lemon a kofi na farko, jan ya ƙara haske. Ta ɗiga ruwan kanwa a na biyu, nan take ya yi duhu, ya koma wani shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Na ukun ta bar shi yadda yake don a riƙa kwatantawa.

"Ai wannan kowa ya sani," in ji Yaya. "Ina sa 'yar kanwa in kashe masa tsami."

"Kin san yana faruwa, Yaya. Shi ne nake so ki nuna wa jikanki. Launin zobo yana sauyawa gwargwadon abin da ya gamu da shi, mai tsami ne ko dangin kanwa ne. Aikin da takardar litmos take yi ke nan a ɗakin gwajin sakandare. Ba shi ruwan tsamiya, ruwan toka, nono, ruwan sabulu. Ya yi hasashe tukuna, ya ɗiga, sannan ya raba su gida biyu da kansa. Sharaɗi ɗaya, kada ya kai baki."

A ganina nan gizo yake saƙar, wato wannan hasashen kafin gwaji. Yaron da ya ce "ja zai yi" kuma abin ya fito kore, ba zai manta ba, don ransa ya shiga ciki. Mu kuma abin da muka fi ƙwarewa a kai shi ne rufe bakin yaro. "Ka cika tambaya." "Tafi ka ba ni wuri." Ko mu ce masa haka Allah Ya yi. Gaskiya ne haka Ya yi, amma ba a hana bawa ya duba yadda Ya yi ɗin ba.

Amarya ce ta kawo kukan wuta, wai kwana da kwanaki firjinta ya zama akwatin ajiye kwanuka. Yaya ta ce ita da randarta ba mai raba su, ta ƙara da cewa sabuwar randa ta fi sanyi, kuma da damina sanyin yakan ja baya.

"Me ya sa?" in ji Malama.

Shiru. Duk mun sha ruwan randa tun muna goye, amma ba wadda ta taɓa tambaya.

Malama ta ce jikin randa yana da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Shi ya sa gumi ke sanyaya jiki. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima, bushewar sai ta yi nawa. Tsohuwar randa kuma ƙofofinta sun fara toshewa.

Sai ta ba mu labarin Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da kan yi yaushi cikin kwana uku sai ya kai kusan wata. A shekarar 2000 ya karɓi kyautar Rolex a kan wannan, aka yi ta raba tukwanen a ƙauyukan da ba lantarki. Na lura Yaya ta gyara zama da ta ji an ambaci maginan tukwane, don sana'ar kakarta ce.

"Yaro ɗan shekara takwas zai iya ƙaramin nasa," Malama ta ci gaba. "Gora biyu, ruwa iri ɗaya, a ajiye su wuri ɗaya a inuwa inda iska ke bugawa. Ɗaya a naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Amma ku kula, abu ɗaya tak ake sauyawa. In ya sa ɗaya a rana ɗaya a ɗaki, kuma ya naɗe ɗaya, ba zai san wanne ya yi aikin ba. In ya kama wannan ƙa'idar, ya wuce 'yan sakandare da yawa."

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Maman Biyu ta tuno masu ƙwan zabi da ke tsoma shi a ruwa, mai kyau ya nutse, tsoho ya taso, saboda gurbin iskar da ke ciki yana girma in ƙwai ya daɗe. Amarya ta ce yis ɗin fanke fa? Aka ce ta zuba shi a kwalba da sukari da ruwa mai ɗumi, ta ɗaura balan-balan a baki, ta bar yara su ga iskar da ke kumbura ƙullu. Ni na kawo ta tsawa: in an ga walƙiya a fara ƙirga, kowace daƙiƙa uku kafin a ji ƙarar kusan kilomita ɗaya ce, don haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba. Yaya ta ce a bar wa iyayensu maza nasu kason, su kafa sanda a tsakar gida su riƙa auna inuwa da yaran, tunda da ita malamai suke gane shigar azahar da la'asar tun kafin agogo. Har marinar Ƙofar Mata aka ambata, inda zane ke fitowa daga rijiyar baba yana kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka.

Maman Biyu dai ba ta saki ba. "Duk na ji. Amma jarrabawa da Turanci za a yi ta."

"Da Turanci kuwa. In ya gama gani da idonsa, ya bayyana miki da Hausa har kika gamsu, sai ku buɗe littafin ku nemo sunan abin. A lokacin kalmar tana da inda za ta zauna. Kuma in ya tambaye ki abin da ba ki sani ba, ce masa zo mu gwada, ko ka tambayo malaminka gobe ka zo ka koya mini. Ba abin da yaro yake so kamar ya koya wa uwarsa."

"Har da 'yan matan," na ce, "kada a bar su da wanke kofunan kawai."

Yaya ta ɗaga hannu. Ta ce ta yarda da komai, amma a gidanta ban da ashana, ban da fasa batir, ban da fiya-fiya, kuma duk wadda ke zuba kananzir a gorar lemo ta daina tun kafin ta ce wa yaro ya riƙa gwaje-gwaje. Amarya ta ce a sam mata kanwar ta tafi da ita.

"Ke ma ki saya," in ji Yaya. "Kin san nawa take yanzu?"