Ziyara a Suleja: Ina Makomar Samarinmu Masu Son Gudu da Mota?

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufo kudu, in ya wuce Tafa da Sabon Wuse, ya bar mararrabar Dikko a bayansa, ba zai jima ba sai Dutsen Zuma ya tare masa ido, baƙi wuluk, a tsaye shi kaɗai kamar yadda aka zana shi a takardar naira ɗari. To, kusa da gindin wannan dutse ne garin Suleja yake, cikin Jihar Neja, dab da iyakar Babban Birnin Tarayya. Nan na sauka na yi kwana uku, kuma abin da na gano game da samari da motoci shi ne nake so in baje wa masu karatu.

Kafin mu shiga zancen, ya kyautu mu gai da masu gari. Suleja dai gari ne na Zage-zagi. Sa'ad da masu jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa ya sauka wajen Zuba. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a shekarar 1828, aka riƙa kiran garin da sunansa, wato Abuja. Da Gwamnatin Tarayya ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ba sabon birnin wannan suna, tsohon garin kuwa aka laƙaba masa sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau, ya zama Suleja. Wannan karamci ne da ba kowane gari zai iya ba.

Yau kuwa Suleja ta zama masaukin ɗimbin ma'aikatan Abuja. Tun da asalatu za ka ga motoci sun yi jerin gwano sun nufi Madalla da Zuba, da almuru kuma su komo kamar shanu sun taso daga kiwo. Ga tankokin mai da manyan motoci masu bin hanyar Minna, ga masu zuwa Kaduna da Kano, ga kasuwar kayan gyaran mota ta Zuba a kusa. Inda mota ta yi yawa kuwa, dole makanikai su yi yawa. Ko ina ka duba a gefen titi gareji ne, ga masu walda, ga masu faci, ga masu gyaran wuta, ga yara 'yan koyo da baƙin mai har gwiwar hannu.

Ranar Asabar da la'asar sakaliya na ci karo da abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ayarin 'yan biki ne ya tsaya a wani fili a bakin gari, sai wani saurayi ya shiga tsakiyar jama'a da wata tsohuwar mota, ya taka ta, ya murza sitiyari, ta riƙa juyawa a wuri guda kamar an kaɗa mazari, ƙura ta turnuƙe, tayoyi na ƙauri, mutane na sowa. Babu igiyar da ta raba 'yan kallo da motar, babu hular kwano a kansa, babu ko bokitin yashi na kashe wuta. Ana cikin haka motar ta ƙwace masa, ta yi kan wasu yara, Allah Ya kiyaye ta tsaya saura ƙiris. Aka yi dariya aka watse. Ni kuwa ban ga abin dariya ba, domin wannan wasan mota da ake yi a bukukuwa ya sha jefa gidaje cikin makoki a garuruwanmu na Arewa. Amma kuma gaskiya ɗaya ce, yaron nan yana da hannu. Abin da ya rasa shi ne wurin da za a hore wannan baiwa ta zama sana'a.

Sana'ar kuwa tana nan, ita ce tseren motoci da ake kira rali, kuma mutane da yawa sun ɗauka gudu ne kawai na ganganci. Ba haka ba ne. A rali ba a sakin motoci gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, da tazarar minti ɗaya ko biyu, kowa yana tsere da agogo. Akan kasa hanyar kashi biyu. Akwai zangunan da ake rufe wa jama'a ɗungum, a nan ne ake gudu iyakar ƙarfi, a kan burji ko yashi ko taɓo. Akwai kuma hanyar da ke haɗa wannan zango da wancan, wadda ake bi tare da sauran motoci, a nan kuwa dole ɗan tsere ya bi dokar hanya kamar kowa. Kowace mota tana riƙe da katin lokaci, wanda ya makara a ci shi tara ta lokaci, wanda ya riga lokacinsa isowa shi ma a ci shi, har tasa ta fi tsanani. Ka ga ashe wasa ne na masu lissafi da kamun kai.

Mutum biyu ne a cikin motar, direba da jagora. Kafin ranar tsere sukan bi hanyar a hankali, jagora yana rubuta kowace kwana da tsananinta, da kowane tudu da kwari da kwalbati, da nisan da ke tsakaninsu. Ranar tsere sai ya riƙa karanta wa direba abin da ke gaba tun idonsa bai gani ba. Motar kuma ana ƙera mata keji na bututun ƙarfe daga ciki don kada rufi ya danne mutane in ta ƙundumbala, a sa kujeru masu ɗamara, da tukunyar kashe wuta, da farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa shi.

Washegari na zauna a inuwar wani gareji a kan hanyar Minna, muka yi hira da maigidan wurin, wani dattijo da ya ce tun zamanin Peugeot 404 yake riƙe da sifana. Na ba shi labarin abin da na gani, ya girgiza kai. Ya ce yaran yanzu in sun kawo masa mota, roƙonsu ɗaya ne, a ƙara wa inji ƙarfi, a fasa salansa ta riƙa ruri. Bai taɓa ganin wanda ya zo ya ce a duba masa birki don yana son gudu ba. Wannan magana ta dattijo ita ce kan karatun masu tsere a ko'ina. Mai son motarsa ta ƙara kuzari a kan burji, da taya yake farawa, sa'an nan birki, sa'an nan abubuwan da ke shanye gargada, sa'an nan ya rage wa motar nauyin banza, ya tabbata lagireto na sanyaya inji yadda ya kamata. Ƙarfin inji shi ne na ƙarshe, domin ƙarfin da taya ba ta iya kai shi ƙasa ba, ƙura kawai yake tayarwa. Direba kuma gyaransa ya fi na mota wuya: ya koyi taka birki kafin kwana ba a cikinta ba, ya aza idonsa can nesa inda yake son zuwa, ya riƙe sitiyari da laushin hannu, ya riƙa auna lokacinsa a zango guda sau da yawa har ya gane inda yake ɓarna. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Tarihin wasan a Afirka ya gaskata haka. Tseren Safari na Kenya, wanda aka fara a 1953, yana cikin mafiya wuya a duniya. A 1965 wani mutumin Kenya mai suna Joginder Singh, tare da ɗan'uwansa Jaswant a matsayin jagora, ya lashe shi da wata Volvo ta hannu wadda ta riga ta sha wuyar tseren shekarar da ta gabata, su da kansu suka warware ta suka sake ɗaurawa. Kafin ya shiga tsere, aikinsa shi ne yawo a kan hanya yana taimakon motocin da suka lalace. Ya sake cin tseren a 1974 da 1976, kuma cikin shiga 22 da ya yi, sau 19 yana kai motarsa ƙarshe. Wato daga gareji ya fito, irin wanda na zauna a inuwarsa. A 1975 kuma, shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Peugeot 504 ce ta zo ta ɗaya a Safari, a hannun Ove Andersson mutumin Suwidin. Motar da makanikanmu suka sani ciki da bai, ita ce ta ka da manyan motocin duniya saboda juriya.

Mu ma nan ƙasar Hausa ba baƙin abin ba ne. A 1974 wani babban tsere ya taso daga Landan ya keto Sahara ya iso Kano, sa'an nan ya juya ya nufi Munich ta Jamus. Motoci da yawa suka ɓace a cikin rairayi, 19 kaɗai suka kai ƙarshe. Ran 26 ga Disamba, 1978, Thierry Sabine ya sallami ayarin farko na tseren Paris zuwa Dakar, ababen hawa 182 suka taso, suka biyo ta Agadas da Yamai, 74 ne suka ga Dakar. Shekara da shekaru wannan tsere yana ratsa Nijar, 'yan'uwanmu suna yi masa jagora da hidima, kafin a soke na 2008 saboda rashin tsaro, a kai shi Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020. Bai tafi ba sai da ya bar darasi mai ɗaci, gama motocinsa sun hallaka mutanen ƙauyuka a hanya, har da yara. A gida kuwa, bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe da haɗawa da tseren motoci, kuma da aka farfaɗo da bikin a 2020, hukumar raya ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta shirya ayarin motocin da aka harhaɗa a Nijeriya daga Abuja zuwa Argungu.

To, yaya yaro ɗan Suleja zai hau wannan tsani? Ba da sayen mota ake farawa ba. Matakin farko shi ne gareji, ya san motar da zai amince wa ransa. Na biyu shi ne hidima a wurin tsere, tsaron hanya ko riƙon agogo, inda zai koyi ƙa'ida kyauta. Na uku kujerar jagora, wadda ke bukatar karatu da lissafi da sanyin zuciya. Kada a raina wannan kujera: Jean Todt na Faransa daga ita ya tashi, har ya shugabanci hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, daga 2009 zuwa 2021. Daga nan sai ƙananan gasa a fili mai shinge, da neman lasin tsere ta hannun ƙungiyar da ke wakiltar FIA a ƙasa, da tara sakamako a rubuce, domin ba attajirin da zai zuba kuɗinsa a kan kirari. Sai ya ga lokaci da matsayi a takarda. Wanda ya yi fice yana iya hangen gasar Afirka, wadda ake yi tun 1981. Amma a faɗa wa samari gaskiya: wasa ne mai cin kuɗi, kuma direbobin da ke ci da shi kaɗai ba su da yawa. Sai dai a bayan kowane direba akwai makanikai da masu walda da masu taya da masu wuta, kuma wanda ya goge a nan ba zai rasa abinci ba ko da bai taɓa ɗaga kofi ba.

Kafin in bar garin na tuna cewa Suleja ta taɓa ganin irin wannan. A farkon shekarun 1950 wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a nan. Ladi Kwali ta shiga a 1954 da gwanintar da ta koya a ƙauyensu. Makarantar ta ƙara mata sanin wuta da awo da ƙa'ida, sai ga tukwanenta a Ingila da Amurka, ga hotonta a takardar naira ashirin. Baiwar tata ce tun asali, amma sai da aka ba ta wuri da horo duniya ta san da ita.

Don haka muke kira ga Masarautar Suleja, da ƙaramar hukuma, da Gwamnatin Jihar Neja, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da ƙungiyoyin makanikai da direbobi, da attajirai masu sayar da mai da kayan mota, su haɗa kai su ware fili guda a bayan gari, a kewaye shi, a nisanta 'yan kallo, a ajiye motar asibiti, a kafa doka cewa ba mai shiga sai da hular kwano da motar da aka bincika. Wanda ya yi wasan mota a titi ko a taron biki kuwa, hukuma ta hukunta shi ba sani ba sabo. Hani kaɗai bai taɓa raba saurayi da son gudu ba, sai dai ya kora shi inda ba ido. Ga burji, ga tuddai, ga makanikai, ga Abuja a kusa da masu kallo da masu kuɗi. Abin da ya rage shugabanci ne.

Da na fito zan koma Kaduna, na waiwayi Dutsen Zuma, na tuna yaron nan da yaran da motarsa ta kusa takewa. Allah Ya kiyaye mana su baki ɗaya, Ya kuma ba manyanmu ikon nuna musu hanya tun kafin a yi da-na-sani, amin.